BABI NA UKU: ZAƁIN LIKITOCIN FIƊA DA MATSALOLIN DA KE BIYO BAYAN AIKIN BASIR A YANKIN BATA, KANO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan hanyoyin da likitocin fiɗa suke bi wajen yi wa mai basir aiki, da dalilan da suke sa likita ya fifita wata hanya a kan wata, da kuma matsalolin da kan biyo bayan aikin. An ɗauki yankin Bata da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari a birnin Kano domin ya zama madubin nazarin. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, yawancin wahalar da ake dangantawa da aikin basir tana da tushe ne a wurare biyu, wato jinkirin da majiyyaci yake yi kafin ya je asibiti, da kuma rashin dacewar hanyar da aka bi da matakin da ciwon ya kai.

3.1 Yankin Bata da Jama'arsa

Bata mahaɗa ce ta hanyoyi da kasuwanci, wadda ta samo sunanta daga kantin kamfanin takalma na Bata. Ta ɗaya gefen tana haɗe da Fagge, tsohon masaukin fatake, ta ɗaya gefen kuma da Sabon Gari, unguwar da ta kafu bayan isowar jirgin ƙasa Kano a shekarar 1911. Kasuwar Sabon Gari, wadda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, da Kantin Kwari da Kasuwar Singa duk suna kusa da wannan wuri. Saboda haka akasarin masu wuni a Bata 'yan kasuwa ne da teloli da direbobi da masu a-daidaita-sahu da 'yan dako, wato mutanen da abincinsu na yau yake fitowa daga aikinsu na yau.

Wannan yanayi yana da dangantaka da batun da ake nazari ta fuska biyu. Ta farko, mutumin da yake cin abinci daga cinikin yini ba ya son duk wani magani da zai kwantar da shi makonni, kuma galibi daga aljihunsa zai biya kuɗin asibiti. Ta biyu, a irin waɗannan wurare na hada-hada ne masu sayar da maganin gargajiya suke baje kolinsu, wasu a ƙasa wasu a kan mota da lasifika, kuma maganin basir yana daga cikin abin da suka fi tallatawa. Ke nan kafin mai basir ya isa gaban likitan fiɗa a Asibitin Murtala Muhammad ko Asibitin Muhammadu Abdullahi Wase da ke Nasarawa ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, sau da yawa ya riga ya ɗauki shekaru yana gwada wasu hanyoyin.

3.2 Basir a Bakin Bahaushe da Basir a Bakin Likita

Kalmar basir ta samo asali daga Larabci, wato "bawasir". A wurin Bahaushe kalmar tana da faɗi ƙwarai, domin yakan jingina wa basir ciwon baya da kumburin ciki da kasala da raunin mazakuta, ya kuma ɗora laifin a kan shan zaƙi da cin maiƙo. Yakan raba shi zuwa mai tsiro da mai jini. Haka kuma akwai maganar da ta yaɗu cewa babu wanda ba shi da basir, sai dai na wani ya fi na wani tashi.

A wurin likita kuwa ma'anar ta taƙaita. A cikin dubura akwai wasu 'yan matasai na nama masu cike da jijiyoyin jini, waɗanda suke taimakawa wajen rufe ƙofar sosai don kada iska ko ruwa ya fita ba da niyya ba. Wani likitan Ingila mai suna Thomson ya yi cikakken bayaninsu a 1975. Manyansu guda uku ne, kuma idan majiyyaci yana kwance rigingine ana kwatanta wurarensu da ƙarfe 3 da ƙarfe 7 da ƙarfe 11 na fuskar agogo. Ta wannan fuska maganar Bahaushe tana da ƙamshin gaskiya, domin kowa yana da waɗannan matasai. Suna zama ciwo ne idan suka kumbura suka zamo ƙasa, sanadiyyar taurin bayan gida da yawan yunƙuri da daɗewa a tsugune, ko kuma juna biyu ga mata.

Likitoci suna bin rabon da ake jingina wa Farfesa Goligher na Lids a Ingila, wanda ya kasa basir na ciki zuwa mataki huɗu:

(i) Mataki na ɗaya: ana ganin jini, amma babu abin da yake fitowa.
(ii) Mataki na biyu: tsiron yana fitowa lokacin bahaya, ya koma da kansa.
(iii) Mataki na uku: yana fitowa, kuma sai an sa yatsa an mayar da shi.
(iv) Mataki na huɗu: ya fito ya zauna a waje, ba ya komawa.

Muhimmancin wannan bambanci tsakanin ma'anonin biyu shi ne, akwai cututtuka da dama da jama'a suke kira basir alhali ba shi ba ne, kamar tsagewar dubura da marurun dubura da fitowar ƙarshen hanji, da kuma wanda ya fi su haɗari, wato ciwon daji na babban hanji. Don haka aikin farko na likita shi ne ya duba da yatsa da kuma ɗan bututu mai haske, idan kuma majiyyaci ya manyanta, ko yana ramewa, ko yanayin bahayarsa ya sauya, a leƙa hanjin da na'ura kafin a yi zancen yanka. Da yawa kunya ce take hana su yarda da wannan dubawa, alhali Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

3.3 Hanyoyin da Ba Sa Buƙatar Yanka

Ba kowane mai basir ne ake yi wa aiki ba. Mai mataki na ɗaya, da mafi yawan masu mataki na biyu, sukan sami sauƙi ta hanyar gyara abinci, wato yawaita ganye irin su zogale da rama da alayyafo, da wake da 'ya'yan itatuwa, da shan ruwa sosai, da barin yunƙuri. Idan wannan bai wadatar ba akwai hanyoyi biyu da ake yi a ɗakin ganin likita, majiyyaci ya koma shagonsa.

Ta farko ita ce allurar ƙafar da basir, inda ake tsira wani sinadari mai suna finol da aka gauraya da mai a gindin tsiron domin ya motse. Ta biyu ita ce ɗaurin roba, wadda Blaisdell ya ɓullo da ita a 1958, Barron kuma ya kyautata ta a 1963, dukansu a Amurka. Ana saƙala ɗan zoben roba a gindin tsiron, jini ya daina isa gare shi, ya bushe ya faɗi cikin kamar mako guda. Sirrin waɗannan hanyoyi shi ne, akwai wani layi a cikin dubura wanda samansa ba a jin zafin yanka ko tsira, ƙasansa kuwa fata ce mai tsananin jin zafi. Idan aka sa robar ƙasa da wannan layi, majiyyaci zai ji azaba nan take, kuma dole a cire ta.

3.4 Hanyoyin Fiɗa

3.4.1 Buɗaɗɗen Aiki

Wannan ita ce hanyar da Milligan da Morgan suka bayyana a 1937 a Asibitin St Mark's da ke Landan. Ana kama kowane tsiro, a feɗe shi daga jikin tsokar da ke ƙarƙashinsa, a ɗaure jijiyar da ke gindinsa, a yanke, sannan a bar raunin a buɗe ya warke da kansa. Babban sharaɗinta shi ne a bar lafiyayyar fata tsakanin rauni da rauni, wadda likitoci suke kira gada. Warkewar raunin takan ɗauki mako huɗu zuwa shida ko fiye.

3.4.2 Rufaffen Aiki

Ferguson ne ya bayyana wannan a Amurka a 1959. Yankan kusan iri ɗaya ne da na sama, sai dai ana ɗinke raunin da zare mai narkewa. Raunin yakan fi saurin warkewa, amma ɗinkin kan ɓalle ga wasu, musamman idan bahaya ta yi tauri, sai ya koma tamkar buɗaɗɗen aiki.

3.4.3 Aiki da Na'urar Maƙalawa

Likitan Italiya Antonio Longo ya gabatar da wannan hanya a 1998. Ana shigar da wata na'ura mai da'ira, ta yanke zoben nama daga saman basir ɗin, ta kuma maƙale gefunan da ƙananan ƙusoshin ƙarfe, sai matasan su koma mazauninsu. Tun da yankan yana can sama inda ba a jin zafi, majiyyaci yakan fi samun sauƙi a makonnin farko. Na'urar tana da tsada, kuma sau ɗaya ake amfani da ita a jefar.

3.4.4 Ɗaure Jijiya da Taimakon Na'ura

Morinaga da abokan aikinsa a Japan suka fito da wannan a 1995. Ana amfani da na'urar da take jiyo motsin jini don gano jijiyoyin da suke ciyar da basir, a ɗaure su da zare ba tare da an yanke komai ba.

3.4.5 Hanyoyin da Aka Yi Watsi da Su

Akwai hanyoyi biyu da suka yi tashe sannan aka bar su saboda illarsu. Whitehead na Manchesta a 1882 ya riƙa yanke naman a zagaye gaba ɗaya, abin da ya jawo wa da yawa tsukewar dubura ko jiƙewarta kullum. Lord kuma a 1968 ya kawo hanyar buɗa dubura da yatsu bayan an sa majiyyaci barci, daga baya aka gano tana yaga tsokar da take riƙe bahaya. Tarihin waɗannan biyu ya nuna cewa karɓuwar hanya a wurin likitoci a wani zamani ba ta isa hujjar ingancinta ba, sai an bi majiyyata shekaru an ga yadda suka ƙare.

3.5 Dalilan da Ke Sa Likita Ya Zaɓi Hanya

Dalili na farko shi ne matakin ciwon. Ɗaurin roba ya dace da mataki na biyu, amma ba ya maganin tsiron da ya fito ya zauna a waje tare da kumburin fata. Majiyyacin da ya shafe shekaru yana shan jiƙon maɗaci ko sabara, yana zama cikin ruwan bagaruwa, har ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu, ya riga ya wuce gaɓar hanyoyi masu sauƙi. Jinkirinsa ne ya zaɓa masa wuƙa tun kafin ya ga likita.

Dalili na biyu shi ne horo. Likitocin fiɗa na Nijeriya suna samun ƙwarewarsu ne ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma. Tushen wannan horo na Ingila ne, inda buɗaɗɗen aiki ya samo asali, yayin da rufaffen aiki ya fi karɓuwa a Amurka. Likita kuwa yakan riƙe abin da ya koya a hannun malaminsa ya kuma maimaita har hannunsa ya faɗa. Wannan riƙo yana da amfani, domin hanyar da likita ya ƙware a kanta ta fi aminci a hannunsa bisa wadda bai yi ba sai sau ɗaya ko biyu.

Dalili na uku shi ne kuɗi da kayan aiki. Buɗaɗɗen aiki ba ya buƙatar komai fiye da almakashi da abin kamawa da zare da allurar baya mai kashe rabin jiki, kuma duk asibitin da yake da ɗakin fiɗa yana da su. Na'urar maƙalawa kuwa daga waje ake shigo da ita, kuma majiyyaci ne zai biya. Ga ɗan dako ko tela na Bata wannan kaɗai ya isa ya yanke magana.

Dalili na huɗu shi ne sakamakon bincike. A 2016 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu da aka yi a Birtaniya. A na farko, wanda ya ƙunshi majiyyata 777, an kwatanta na'urar maƙalawa da yanka irin na da. An tarar masu na'urar sun fi samun sauƙin zafi da farko, amma bayan shekara biyu waɗanda aka yi wa yanka sun fi jin daɗin rayuwa, ciwon bai cika dawo musu ba, kuɗin da aka kashe musu kuma bai kai na wancan ba. A na biyu an kwatanta ɗaurin roba da ɗaure jijiya da na'ura. Bayan shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 49 cikin 100 na masu roba, da kashi 30 cikin 100 na masu ɗaure jijiya, sai dai idan aka maimaita ɗaurin robar bambancin yakan ragu ƙwarai, ga shi kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Ke nan likitan Kano da ya riƙe roba ga ƙaramin basir, ya riƙe yanka ga babba, yana da hujjar ilimi bayan hujjar rashin kayan aiki.

Dalili na biyar shi ne halin majiyyacin kansa. Mai juna biyu akan jinkirta mata, domin basir ɗinta yakan lafa bayan haihuwa. Mai ciwon suga ko mai raunin garkuwar jiki ana taka-tsantsan da shi saboda raunin ba ya saurin warkewa. Mai shan maganin tsinka jini sai an daidaita masa shi. Wanda jini ya zuba masa har ya yi ƙaranci kuwa sai an gyara jinin, wani lokaci da ƙari, kafin a shiga da shi ɗakin fiɗa.

3.6 Matsalolin da Kan Biyo Bayan Aiki

3.6.1 Na Kwanakin Farko

Zafi shi ne abin da aka fi tsoro, musamman a bahayar farko bayan aiki. Ana rage shi da maganin kashe zafi da mai sassauta bahaya da zama cikin ruwan ɗumi. Majiyyacin da ya ƙi cin abinci don gudun bahaya yana ƙara wa kansa wahala ne, domin bahayar za ta taru ta yi tauri.

Riƙewar fitsari ma tana aukuwa sau da yawa, musamman ga dattawa maza da waɗanda aka yi wa allurar baya ko aka ƙara wa ruwa da yawa. Maganinta sa robar fitsari na ɗan lokaci.

Zubar jini iri biyu ce. Akwai ta ranar aiki, wadda takan faru idan ɗaurin jijiya ya zame. Akwai kuma wadda take zuwa bayan kwana 7 zuwa 14, lokacin da gindin da aka ɗaure yake ruɓewa ya faɗi. Wannan ta biyu ta fi haɗari, domin majiyyaci ya riga ya koma gida, jinin kuma yana iya taruwa a ciki kafin a gan shi. Ɗan kasuwar da ya koma ɗaukar kaya a makon farko, ko direban da ya kama doguwar hanya, yana iya samun kansa nesa da asibiti a daidai wannan lokaci. Wajibi ne a sanar da shi wannan tun kafin a sallame shi.

Ruɓar rauni mai tsanani ba ta cika faruwa ba, amma tana iya kisa, har bayan ɗaurin roba. Alamominta su ne zazzaɓi da zafi mai ƙaruwa da kasa yin fitsari, kuma duk wanda ya gan su tare ya koma asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

3.6.2 Na Daga Baya

Tsukewar dubura tana faruwa idan aka yanke fata da yawa ba a bar gada ba, sai tabo ya zagaye ƙofar ya matse ta. Wannan jarraba ta fi samun likita a gaban babban basir da ya zagaye dubura, inda son share komai a zama ɗaya kan sa garin neman gira a rasa ido. Ƙwararru sun gwammace su bar ɗan saura a dawo masa daga baya. Irin wannan tsukewa ana samun ta kuma ga waɗanda aka shafa wa magani mai ƙuna ko aka yi musu yanka a wajen asibiti.

Kasa riƙe iska ko bahaya yana aukuwa idan aka ji wa tsokar da take rufe dubura rauni. Ga Musulmi wannan babbar damuwa ce, domin ta shafi tsarki da alwala da salla cikin jam'i. Saboda haka ya kamata likita ya binciki ƙarfin tsokar tun kafin aiki, musamman ga tsofaffi da matan da suka sha wahalar haihuwa.

Na'urar maƙalawa tana da matsalolinta na daban. Idan ƙusoshin suka kama da zurfi suna iya huda hanji, ga mace kuma su haɗa dubura da farji, ta kamu da yoyon bahaya. Wasu kuma sukan daɗe suna jin kamar bahaya ba ta ƙare ba. Waɗannan ba su da yawa, amma gyaransu ya fi aikin farko wuya.

Dawowar ciwo ita ce hujjar da masu hana mutane zuwa asibiti suka fi kafawa, inda sukan ce basir ba a yanka shi, in an yanka sai ya dawo. Gaskiyar lamari ita ce yanka shi ne hanyar da ciwon ya fi ƙarancin dawowa bayanta, amma ba ya kawar da taurin bayan gida da yunƙurin da suka haifar da ciwon tun farko. Maganar cewa aikin yana kashe mazakuta kuwa ba ta da tushe, domin yankan ba ya kaiwa ga jijiyoyin da suke kula da wannan.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa zaɓin likitan fiɗa ya dogara ne a kan matakin ciwo da horon da ya samu da kayan da suke hannunsa da ƙarfin aljihun majiyyaci da kuma sakamakon bincike. An kuma ga cewa manyan matsalolin aikin, wato zubar jini da tsukewa da kasa riƙe bahaya, suna da sanannun dalilai kuma ana iya kauce wa yawancinsu ta barin gada da kiyaye tsoka da yi wa majiyyaci cikakken bayani. Ga mutumin Bata da kewaye, abin da ya fi tasiri a kan yadda zai ƙare shi ne lokacin da ya je asibiti. Wanda ya je a mataki na biyu yana iya samun ɗaurin roba ya koma kasuwa washegari, wanda ya bari sai mataki na huɗu zai sha yanka da jinyar makonni, wanda kuma jininsa na ciwon daji ne yana ta shan maganin basir yana iya zuwa bayan lokacin ceto ya wuce.